Hawan Dutsen Kufena: Dama Da Nauyin Da Ke Kan Al'ummar Zazzau

A 'yan shekarun nan hawan duwatsu domin motsa jiki da shaƙatawa ya samu karɓuwa a tsakanin matasan ƙasar nan, musamman a Abuja da Jos da Kaduna, inda matasa kan haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya ta kafofin sada zumunta su fita a ƙarshen mako. Wannan ɗabi'a ta iso Zariya, kuma wurin da idanu suka fi karkata gare shi shi ne Dutsen Kufena da ke yammacin birni, kusa da Wusasa. Ga mazauna Ƙofar Jatau da sauran unguwannin cikin ganuwa, Kufena maƙwabci ne da aka tashi ana gani. Tambayar da ke gaban hukumomi da talakawa a yau ita ce, ta yaya za a ci moriyar wannan sabuwar sha'awa ba tare da an yi asarar rayuka ko an lalata gadon da aka bar mana ba?

Da farko ya kamata a fahimci abin da ke wurin. Masana tarihi sun bayyana cewa cibiyar mulkin Zazzau ta taɓa kasancewa a Turunku, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Igabi, kafin a kafa birnin Zariya a ƙarni na 16, zamanin da ake dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Kufena na daga cikin tsofaffin matsugunan da suka riga birnin na yanzu, kuma binciken da masana kimiyyar tono kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suka gudanar a shekarun 1970 ya nuna burbushin tsofaffin ganuwowi da alamun zaman mutane a kewayen dutsen. Dutsen da ganuwar birnin Zariya suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka a shekarar 1979.

Bugu da ƙari, hawan Kufena ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun bayan da mishan ta koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, al'ummar Kirista na garin da kewaye suka saba da fita zuwa dutsen a ranar Litinin ta bikin Ista, kuma taron kan haɗa jama'a masu yawa. Ɗaliban makarantu da na jami'a su ma sun daɗe suna zuwa. Abin da ya sauya shi ne ziyarar tana neman zama ta kowane mako, alhali tanadin da ke wurin bai kai na wannan yawan jama'a ba.

Matsala ta farko da ke gaban kowa ita ce ta tsaro. Idan za a iya tunawa, a watan Afrilu na shekarar 2019 'yan bindiga sun kai hari a wurin shaƙatawa na kan dutse da ke Kajuru, inda aka kashe mutum biyu, ciki har da wata 'yar ƙasar Birtaniya mai aikin agaji. A watan Yuni na 2021 kuma aka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya. Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda aka ɗaga darajarsa a 1999, ya shafe shekaru ba ya samun masu ziyara saboda 'yan bindiga. Sulhun da aka ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwanni da hanyoyi a yankin, amma darasin da aka koya shi ne, hari guda ɗaya ya isa ya rufe wurin yawon buɗe ido na tsawon shekaru. Kufena na da sa'ar kasancewa dab da gari, to amma kusanci da gari ba ya maye gurbin shiri. Wajibi ne duk ƙungiyar da za ta hau dutsen ta sanar da mai unguwa ko dagacin yankin da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a san adadin waɗanda suka hau da lokacin da za su sauko.

Matsala ta biyu ita ce haɗarin dutsen kansa. Kufena falalen dutse ne mai sulɓi, kuma da damina ruwa kaɗan ya isa ya sa ƙafa ta zame. Haka nan tsayuwa a ƙololuwa lokacin hadari ganganci ne, domin tsawa ta fi faɗa wa wuri mai tsayi. A watannin Maris da Afrilu kuma dutsen kan ɗauki zafi tun da hantsi, ta yadda wanda bai riƙe isasshen ruwa ba zai iya galabaita. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a fara da sassafe a sauko kafin azahar. Akwai kuma macizai irin su kububuwa da kasa a cikin kogunan dutse da ciyayi. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin ko a ɓata lokaci wajen neman maganin gargajiya, a hanzarta kai shi asibiti, ko na Wusasa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Iyaye su ma su sa ido, kada ƙananan yara su riƙa tafiya ba tare da babba ba.

Matsala ta uku, wadda ta fi sauran wuyar gyarawa, ita ce lalacewar wurin. Bunƙasar gine-gine a Zariya ta ƙara buƙatar tsakuwa da ƙasa da filaye. Duk wanda ya zagaya ganuwa daga Ƙofar Jatau zuwa Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan zai ga wuraren da ta zube, da inda aka ɗebi ƙasarta, da inda gidaje suka matso jikinta. Abin da ya samu ganuwa shi ne zai samu Kufena idan aka yi sakaci, domin fasa dutse da saran itace da ƙona daji da zubar da leda suna cin wuri sannu a hankali. Masu fasa dutse da masu yin itace ba don mugunta suke yi ba, abinci suke nema, saboda haka hani kaɗai ba zai wadatar ba sai an nuna masu wata hanyar samun na kai.

A nan ne batun tattalin arziki ya shigo. A Kano an gina matakala a Dutsen Dala, abin da ya sauƙaƙa hawa ga manya da yara. A Abeokuta gwamnatin jihar Ogun ta gyara Dutsen Olumo har ya zama wurin da ake biyan kuɗin shiga. Sukur da ke kan duwatsun jihar Adamawa ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 1999. Kufena ba ya buƙatar manyan gine-gine. Abin da yake buƙata shi ne hanyar hawa mai alama, da rumfar hutawa, da makewayi, da kwandunan shara, da littafin rubuta sunayen masu ziyara, sai kuma 'yan jagora daga cikin matasan ƙauyukan da ke gindin dutsen, waɗanda aka koya wa tarihin wurin da taimakon gaggawa. Idan aka yi haka, mai acaba da mai Keke Napep da mai sayar da fura da mai sana'ar fata duk za su samu rabonsu. Baƙon da ya sauko daga dutse zai iya shiga birni ya ga ƙofofi da fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ta haka kuɗinsa ya tsaya a cikin gari.

Sai dai akwai sharaɗi. Duk kuɗin shiga da za a sanya ya kasance mai sauƙi, a bayar da rasiɗi, a kuma ware wani kaso ga al'ummar da ke kewaye, in ba haka ba za su ɗauki shirin a matsayin ƙwace. Manoman da gonakinsu ke kan hanyar dutsen suna da haƙƙin kada a tattake masu shuka. Baƙi kuma su mutunta al'adun mutanen wurin wajen sutura da kaɗe-kaɗe. Har ila yau, kasancewar Musulmi da Kirista duk suna ziyartar Kufena, ya dace duk kwamitin da za a kafa ya ƙunshi wakilan ɓangarorin biyu.

Daga ƙarshe, nauyin ya rataya ne a wuyan ƙaramar hukumar Zariya da Masarautar Zazzau da hukumar kula da kayan tarihi da jami'an tsaro su zauna wuri guda, su shata iyakar wurin da doka ta kare, su sanar da jama'a ta bakin hakimai da dagatai da masu unguwanni. Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kamata ya yi a kammala wannan shiri kafin shigowar hunturu, lokacin da masu hawa suka fi yawa. Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.