Wanda Ya Sani Amma Ya Kasa Faɗa



A gidaje da dama a Garwa yanzu akwai matashin da ya gama karatun kwamfuta a Ngaundere ko Marwa ko Yaunde, yana zaune gaban na'ura tun hantsi har dare ya raba. In an tambaye shi sai ya ce shirin ganawar ɗaukar aiki yake yi. Uba kuwa sai ya ɗauka irin konkur ɗin da muka saba ne, na shiga aikin gwamnati: a kai takardu, a zauna a aji, a yi rubutu shiru, a koma gida a jira fitar sunaye. Abin da Google da Microsoft da Amazon suke yi wa mai neman aikin injiniyan manhaja ya sha bamban da wannan, kuma iyaye na da hannu a shirinsa fiye da yadda suke zato.

Galibi sukan fara da gwaji ta intanet mai ƙayyadadden lokaci. Wanda ya haye sai a haɗa shi da wani injiniyan kamfanin ta bidiyo, na kimanin minti 45. Idan ya gamsar, sai a yi masa irin wannan zama huɗu ko biyar da mutane daban-daban. A mafi yawansu matsala ake ba shi, ya rubuta umarnin da zai warware ta, mai ganawa na kallon kowane harafi.

Bari in ba da misali don a gane. A ce ga sunayen manoman auduga miliyan ɗaya, an jera su bisa tsarin haruffa, aka ce a nemo suna guda. Mai bi ɗaya bayan ɗaya zai iya dubawa sau miliyan. Wanda ya buɗe tsakiya, ya ga ko sunan na gaba ne ko na baya, ya watsar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, kamar yadda ɗalibi ke neman kalma a ƙamus, ba zai wuce dubawa 20 ba. Dukansu biyu za su samo sunan, amma na biyun ake nema. Wannan fanni shi ake kira algoridim, kuma kalmar daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Samun amsar kuma rabin aiki ne. Mai ganawa yana son ya ji yadda kan yaron ke aiki. Yana jira a tambaye shi: shin sunayen a jere suke? Suna ɗaya zai iya maimaituwa? Yana jira ya ji an ce, ga hanyar da ta fara zo mini, amma tana da jinkiri, bari in nemi wadda ta fi ta. Wani lokaci da gangan yake barin tambayar da giɓi, don ya ga ko za a lura. Yaron da ya sunkuyar da kai ya yi shiru na minti ashirin, ko da ya fito da amsa daidai, ya bar mai ganawa ba shi da abin rubutawa a kansa.

A nan ne nake jin tsoro ga 'ya'yanmu. Mun tarbiyyantar da su a kan kunya da kawaici, kada su katse babba, kada su yi masa gardama, kuma ban ce a sauke wannan ba. Makarantar boko ma ta ƙara musu: malam ya faɗa, ɗalibi ya kwafa, ranar jarrabawa ya mayar. Sai yaro ya girma bai taɓa bayyana tunaninsa da baki a gaban wanda ya girme shi ba. Ga shi kuma ganawar da Ingilishi ake yin ta galibi, alhali ɗanmu da Faransanci ya yi karatu, da Hausa ko Fulatanci yake tunani.

Maganin kuwa yana cikin abin da muka sani. Mai hadda ba ya tabbatar da haddarsa sai ya karanta wa wani yana saurare, yana tsayar da shi inda ya karkace. Haka mai wannan shiri yake bukatar abokin da za su riƙa yi wa juna ganawar gwaji, da agogo a gabansu, da Ingilishi, da murya a sarari. Sai dai in gargaɗe shi da abu ɗaya: tambayoyin da ke LeetCode sun kai dubbai, littafin Gayle Laakmann McDowell da ake yawan karantawa yana da 189, kuma haddace amsoshinsu ba ya fid da kowa, domin da zarar an ɗan juya tambayar sai mai hadda ya tsaya cak. Gara matsala ɗari da aka fahimci dalilinta. Uba ko yaya, ko bai san komai a kwamfuta ba, zai iya zaunar da yaron bayan isha'i ya ce, yi mini bayanin abin da ka warware yau har in gane. In ya iya fahimtar da mahaifinsa, ya yi nisa.

Akwai kuma zaman da ake tambayar hali: ba mu labarin lokacin da ka saɓa da shugabanka, ko aikin da ya lalace a hannunka. Amazon tana da ƙa'idojin jagoranci 16 da take auna mutum da su. Ɗanmu zai so ya ce "mun yi", don gudun yabon kai. Su kuwa so suke su ji abin da shi ya yi. Faɗin gaskiyar aikinka ba alfahari ba ne. Abin da ya haramta shi ne ƙirƙirar labari, ko ɓoye manhajar da ke raɗa wa mutum amsa a gefen allo, wadda ta yawaita a shekarun nan. Wannan ha'inci ne, kuma albashin da aka samu ta nan yana da tambaya.

Ƙofar ba a rufe take ga ɗan Kamaru ba. A 2017 Nji Collins, ɗan shekara 17 daga Bamenda, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci babbar kyautar gasar Google Code-in. Amma ƙunci gare ta. A Janairun 2023 Google ta sallami ma'aikata 12,000, Microsoft 10,000, kuma cibiyar injiniyoyin da Microsoft ta buɗe a Legas a 2019 ta rufe ta a 2024. Don haka kada a ɗora wa yaro cewa ko Google ko ba komai. Shirin nan ɗaya zai yi masa amfani a bankunan Duwala da kamfanonin waya, da ƙananan kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikaci yana zaune a garinsu.

Ranar ganawa kuma aikin gida ne. Kowa ya san halin wutar Lagdo idan ruwan madatsa ya ja baya da rani. A cika batir tun da wuri, a tanadi layin waya na biyu, a kau da ƙananan yara daga ƙofar ɗakin. A kuma lura da agogo: ƙarfe 10 na safe a Kalifoniya ƙarfe 6 ko 7 na yamma ne a Garwa, wato kusa da magariba ko isha'i. Kamfanonin sukan tambayi mutum lokutan da suka dace da shi kafin su sa rana, sai ya zaɓi wanda bai ci karo da salla ba, ya kuma cire azahar ɗin Juma'a tun farko.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.