Wai mai manyan haruffa ba ya riƙe amana?

Makon jiya wani maƙwabcina a kasuwa, wanda muke layi ɗaya da shi nan Yawunde, ya shigo shagona da littafin lissafi a hannu. Ya buɗe ya ce, "Alhaji, dubi rubutun yaron nan. Harafi ɗaya ya cinye layi biyu." Yaron ɗan 'yar'uwarsa ne da aka turo masa daga gida wata huɗu da suka wuce, kuma yana shirin ba shi makullin shago saboda zai tafi saro kaya. Sai ga wani bidiyo a WhatsApp yana cewa mai manyan haruffa mutum ne mai son a san da shi, mai sakin hannu da kuɗi, mai ƙananan haruffa kuwa shi ne natsattse mai kula da lissafi. Maƙwabcin nawa har ya fara tunanin mayar da yaron gida.

To, maganar ba mai bidiyon ya ƙirƙiro ta ba. Turawa na kiran wannan fanni girafoloji, wato karanta halin mutum daga rubutun hannunsa. Wani malami ɗan Italiya, Camillo Baldi, ya wallafa ɗan littafi a kai tun 1622, amma wanda ya raɗa masa suna ya kuma tsara shi wani limamin coci ne ɗan Faransa, Jean-Hippolyte Michon, a shekarun 1870. A tsarinsu ana duba tsayin ƙananan haruffa irin su a, o da n. Idan sun kai kusan milimita 3, rubutu matsakaici ne, wai mai shi yana iya zama da kowa. Idan sun zarce haka sosai, wai mutum ne mai son jama'a, mai ƙarfin hali, wani lokaci mai ji da kai. Idan sun gaza, wai mai kunya ne, mai zurfin tunani, mai bin abu dalla-dalla. Har sa hannu suna dubawa: in ya fi sauran rubutun girma, wai mai shi yana nuna wa duniya fiye da abin da yake da shi.

Faransawa sun ɗauki abin da gaske. Shekara da shekaru kamfanoninsu na neman mai neman aiki ya rubuto wasiƙa da hannunsa, a miƙa wa masanin rubutu ya duba. Mu da ke zaune a ƙasashen renon Faransa mun saba da takardar neman aiki ko ta shiga jarrabawa da ake cewa dole a rubuta da hannu, shi ya sa in aka ce mana rubutu na tona hali, sai mu ga kamar akwai ƙamshin gaskiya.

Matsalar ita ce an gwada abin, kuma bai ci ba. A 1992 wani mai bincike, Geoffrey Dean, ya tattara nazarce-nazarce kusan 200 a kan girafoloji, ya iske cewa masu karanta rubutu ba sa iya faɗin halin mutum ko ƙwazonsa a wurin aiki yadda za a dogara da shi. Wani abin da aka lura da shi ma ya fi ba ni dariya: ɗan abin da suke cankowa yawanci daga abin da wasiƙar ta ƙunsa yake fitowa, domin in mutum ya ba da labarin kansa, ko ni zan iya faɗin wani abu game da shi.

Na ce wa maƙwabcina, "Yaron nan a ina ya fara karatu?" Ya ce makarantar allo, sai da ya girma ya shiga boko. Ai ka ji amsar. Wanda hannunsa ya saba da alƙalamin kara da tawada a kan allo, yana zana baƙaƙe masu kauri yadda malam zai gani daga nesa, ba zai zo rana ɗaya ya matse rubutu a siririn layin littafin kanti ba. Wanda kuma ya taso a makarantar Faransanci, inda littafin rubutu ke da 'yan ƙananan layuka a jere kuma malami na tsaye a kansa, rubutunsa kan fito ƙanana a tsare. Ga kuma ido. Ni kaina tun da na haura arba'in rubutuna ya ƙara girma, kuma ba don na ƙara son a san da ni ba, tabarau ne na ƙi saya da wuri.

Akwai wuri ɗaya da girman harafi ke da magana, kuma nan nake so iyalai su kula. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin yana rubuta bashi da hannunsa. Can sai muka ga rubutunsa yana ƙanƙancewa: zai fara layi daidai, kafin ya kai ƙarshe haruffan sun zama kamar tururuwa, shi kansa ba ya iya karantawa. Muka riƙa tsokanarsa wai rowar takarda yake yi. Sai da hannu ya fara karkarwa, tafiya ta yi nauyi, sannan likita ya ce cutar Parkinson ce, kuma ƙanƙancewar rubutu na cikin alamominta na farko. Mun yi asarar kusan shekara biyu muna dariya. Saboda haka in rubutun dattijo a gidanku ya canza haka kawai, a kai shi asibiti.

Shi kuwa yaron, na ba maƙwabcina shawarar da iyayenmu ke bi: ya bar masa shago kwana uku, ya ƙirga kaya kafin da bayan, ya haɗa da abin da ke rubuce a littafi. Ya yi hakan. Kuɗi sun cika, sai jaka biyu da yaron ya rubuta da kansa cewa ya ci abinci da su, da manyan haruffan nan nasa da suka cinye layi biyu. Ranar Litinin maigidan ya kama hanyar Duwala, makullin yana aljihun yaron.