Lambar Mota Ce Ko Kirari?

Duk wanda ya je ɗaurin aure ko naɗin sarauta a ƙasar Gwandu zai ga abin da muke nufi. Motoci na jere, amma a inda ya kamata a ga lamba sai a ga sarauta: wannan Turaki, wancan Sardauna, na can kuwa sunan ɗansa na fari ya liƙa. Yara na karantawa da ƙarfi, mai mota na ciki yana jin daɗi.

Ba mu ga laifin mutum ya so a san shi ba. Bahaushe ya daɗe da son kirari, direbobin manyan motoci kuwa tun tuni suke rubuta take a goshin motocinsu. Attajiran Dubai ma sun fi mu nisa, domin a shekarar 2023 an sayi lamba P 7 a kan dirhami miliyan 55.

Amma mu duba lambar talaka tukuna. Dā can, kafin a cire Jihar Kabi daga Sakkwato a 1991, SO iyayenmu suke gani a motocin yankin nan. A 1992 aka kawo tsarin bai-ɗaya, a 2011 kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sabunta shi, aka dawo da haruffa uku na ƙaramar hukuma farkon lamba. Rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. In ka ga BRK ka san Birnin Kebbi ce, ARG kuwa Argungu. Watau lambar da ake rainawa tana faɗin inda aka yi wa mota rajista da irin aikinta.

To, me lamba ta musamman ke faɗi? Sau da yawa cewa take yi, "A ba ni hanya." Mun sha ganin jami'i a shingen bincike ya tsare mai a-kori-kura ya tona takardunsa kaf, sa'an nan ya sara wa motar da ba ta ɗauke da komai sai sarauta, alhali kuwa bai san ko an yi mata rajista ko mai fenti ne ya zana ta a bakin kasuwa ba. Nan ne abin ya fi ba mu tsoro. In irin wannan mota ta banke yaro a kan hanyar Dalijan ta wuce, a wane littafi za a neme ta? In da rajista, ai sunan ya fi jerin lambobi sauƙin riƙewa ga tsohuwar da ta ga abin. In babu, Turakai nawa ne a ƙasar nan?

Gare mu kuma, 'yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu da suka fara aikin gwamnati jiya-jiya: mai bashin mota a wuya ba shi da dalilin ƙara bashin suna.

Akwai dai guda da za mu ɗaga wa hannu. Dalijan ba hedkwatar ƙaramar hukuma ba ce, saboda haka ba ta da haruffanta. A ƙarƙashin Gwandu take fakewa. In wani ɗan garin ya je ofishin lasin ya biya kuɗi, ya karɓi rasit, aka buga masa DALIJAN, har Legas za a riƙa tambayarsa ina ne nan.