Yisti Abu Ne Mai Rai

Yau maganata a kan ƙananan burodin nan ce da Turawa ke gasawa a gida, su haɗa da abincin dare. Sau da yawa nakan ji ana kuka, wai an kwaɓa fulawa, an zuba madara da man shanu, amma abin ya fito kamar dutse. Sai a ɗora wa fulawa laifi. A ganina, galibi mai kwaɓin ne ya kashe yistinsa da hannunsa.

Ku sani yisti halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai. Wani masani na Faransa, Louis Pasteur, shi ya tabbatar da aikinsa wajen shekarar 1860. Sukari yake ci, ya fitar da iska, danƙon alkama kuwa ya riƙe iskar, shi ne kumburin da muke gani. Gero da dawa ba su da wannan danƙo, don haka ba su yin irin wannan burodi. To, abu mai rai ba a zuba masa ruwan zafi, gama in zafi ya kai digiri 60 ya mutu. Madara ta zama mai ɗumi kawai, yadda yatsa zai zauna ciki ba ƙuna. Matan da ke yin funkaso sun daɗe da sanin wannan, ko da ba su karanta shi ba.

Ga awo: fulawa rabin kilo, busasshen yisti giram 7, madara mililita 300, man shanu giram 50, sukari cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi. A murza minti 10, a rufe har ƙullun ya ninka. Kada a dogara ga agogo, domin da hunturu yakan yi nawa, da bazara kuwa ya yi sauri har ya yi tsami. Sa'an nan a raba 12, a mulmula, a jera, a sake rufewa su tashi. Nan masu gaggawa ke hasara, sai su tsallake tashi na biyu. A gasa a digiri 190 kamar minti 18, a shafa man shanu tun da zafinsu.