Ɗan jarida ne ko maroƙi? Magana kan labarin kokowa a Damargu

Maganar yau ba za ta yi wa wasu abokan aikina daɗi ba, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yadda ake ba da labarin wasanni a gidajen rediyonmu da shafukan Facebook, musamman labarin kokowa, ya koma roƙo. Mutumin da aka miƙa wa mikro don ya gaya wa jama'a abin da ke faruwa a fili ya ajiye aikinsa ya ɗauki na maroƙi, kuma ko roƙon bai iya shi kamar masu shi ba.

Duk wanda ya taɓa bin kokowa ta rediyo ya san abin da nake faɗi. Ƴan kokowa biyu sun shiga fili, an busa usur, sun kama juna. Tsoho yana zaune a Gangara ko a Tarka, ya manna rediyo a kunne, ba shi da wani ido a filin sai bakin mai magana. Me zai ji? «Alhaji wane ya ba da jika hamsin! Honorabul wane ya ba da buhun shinkafa biyu! Hajiya wance, uwar marayu, ta ce a gaida mutanen unguwarsu!» Ana cikin wannan lissafi sai ihu ya tashi, mai mikro ya ƙwala: «Ya faɗi! Ya faɗi!» To wa ya faɗi? Da wane kamu aka kayar da shi? Ƙafa aka ɗauke masa ko taɗiya ce? Shi ya kai hari aka juya shi, ko gajiya ce ta cinye shi? Sai tsohon nan ya jira jikansa ya nemo masa bidiyo a WhatsApp. Haba jama'a! In dai sai an kalli bidiyo za a san abin da ya faru, me rediyon ya yi ke nan?

Kokowa ilimi ce. Akwai dalilin da ya sa gajere mai ƙarfin ƙugu yake wahalar da dogo. Akwai dalilin da ya sa wani yake ja da baya a mintocin farko yana barin abokin karawarsa ya ƙone numfashinsa. Akwai mai jiran alƙali ya ba ɗan'uwansa gargaɗi sannan ya kulle wasa har lokaci ya cika. Duk tsohon ɗan kokowa a Bakin Birji zai warware maka waɗannan a zaune ɗaya, a kan kofin shayi. Amma a rediyo bayani ɗaya ne kullum: asiri. Wanda ya yi kaye, malaminsa ya fi ƙarfi. Wanda ya faɗi, an ɗaure shi ne. Ban zo in yi gardamar laya da guru ba, kowa ya san suna cikin al'adar fili tun kaka da kakanni. Sai dai ku duba abin da yaro ɗan shekara 15 yake koya daga wannan magana: cewa gudun asuba da cin abinci mai kyau da koyon kamu duk ɓata lokaci ne, abin da ya kamata shi ne a sayar da akuya a kai wa boka. Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi har sau shida. Sau shida! A shirye-shiryenmu na nan, sau nawa aka zauna aka faɗa wa yaranmu yadda yake tsayuwa, yadda yake kare ƙafarsa, yadda yake haƙuri har abokin karawa ya yi kuskure? Kirari dai muke ta maimaitawa, kamar kirarin ne ke kayar da mutum.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo, domin shi ya shafe mu kai tsaye. Labarin kokowa a wurinmu na kwana goma ne a shekara. In lokacin takobi ya zo, kowa ya zama gwani. Ana gamawa, shiru sai baɗi. Alhali ga ɗan Damargu, babbar kokowar tana faruwa ne tun kafin a kunna kyamarar Tele Sahel. Ku yi lissafi da ni. Jihohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10, jimilla 80. Jihar Damagaram tana da gundumomi 10, ga kuma birnin Zinder kansa, duk suna neman shiga cikin gurabe goman nan. Ke nan yaron da ya kayar da kowa a dandalin ƙauyensu bayan kaka, sai ya tsallake zaɓen gunduma, ya tsallake na jiha, kafin ƙasa ta ji sunansa. A nan ne ake yin sa ko a kashe shi. Kuma a nan ne babu ɗan jarida.

Yaushe aka sanar da ranar zaɓen gunduma, kuma sanarwar ta kai ƙauyukan Tenhiya da Falanko a kan lokaci? Mutum nawa suka fito? Wa ya kayar da wa? Wa ya biya kuɗin motar waɗanda suka tafi Zinder, a ina suka kwana, me suka ci? Wanda aka bari a gida, faɗuwa ya yi ko an ce masa ne ya yi haƙuri sai wata shekara? Ban ce an yi maguɗi ba. Na ce inda babu mai kallo kuma babu mai rubutawa, mai gaskiya ba ya da shaida, marar gaskiya kuma ba ya da tsoro. In an zaɓi goman bisa cancanta, rahoton ɗan jarida shi zai wanke masu zaɓen daga zargin ƴan fada. In kuwa an danne wani, rahoton ne kaɗai gatansa, tunda ɗan manomi daga Olelewa ba ya da kowa a ofis. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011. Shekaru sun haura goma. Ya ci a ce zuwa yanzu duk mai saurare ya haddace sunayen zakarunta kamar yadda ya haddace ƴan wasan Real Madrid.

Na uku, ba mu ajiye tarihi. An fara kokowar takobi a Tawa a 1975, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Rabin ƙarni ke nan. Sunayen manya suna nan a ƙofar filaye: filin Zinder na Langa-Langa ne, na Maraɗi na Kantu, na Doso na Salma Ɗan Rani. Muna tuna Kadade na Tawa, muna tuna Balla Haruna, muna tuna ranar da Tasi'u Sani ya riƙe takobi a gida Zinder a 2018 gari ya hana kansa barci. Madalla. To amma wane gidan rediyo ne a yankin nan yake da rajistar da zai buɗe ya karanto mana ƴaƴan Damargu da suka taɓa sa rigar jihar Damagaram, da shekarar da suka je, da kaye nawa suka yi? Tsofaffin da suka san wannan a ka suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu suna nan cikinmu da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa da bayan da ba ya miƙewa, babu mai kai musu mikro sai ranar da za a karanta sanarwar rasuwa. Ranar kuwa za ka ji kirari har da kuka. Mutum yana raye ba a tambaye shi ko ya ci abinci ba, ya mutu an ce giwa ta faɗi.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta. Za a ce jama'a ƙwallon Turai suke so. Gaskiya ne suna so, ni ma ina kallo. Amma me muke ƙara musu a kai? Matashin da ya kalli wasan Barcelona jiya da dare a gidan kallo, ya sake kallon ƙwallayen a wayarsa da safe, sai kuma da yamma mu kwashe rabin awa muna fassara masa abin da muka kwafo daga shafukan Faransa, har da kuskuren fassara. Wannan kai ruwa rijiya ne. Labarin Mbappé yana da dubban masu ba da shi a duniya, kuma duk sun fi mu kusa da shi. Labarin wasan ƙarshe na samarin unguwannin Tanut a lokacin hutu, in mu ba mu ba da shi ba, babu shi har abada. Kuma wannan hali na jiran sai abu ya yi suna a waje bai tsaya kan kokowa ba. Mutane da yawa ba su san akwai wani Abdul Razak Isufu Alfaga ba sai daren da ya ci lambar azurfa ta tekwando a Rio a 2016, shekara 44 bayan tagullar da Isaka Dabore ya samo a dambe a Munich a 1972. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, aka yi ta kiɗa. Da aka daina zuwa sai aka daina maganar, maimakon a tsananta tambaya.

Za a kuma ce babu kuɗi. Wannan kam ba ƙarya ba ne, kuma duk mai aikin rediyo a karkara ya san shi a jikinsa. Da yawa masu gabatar da shiri ƴan sa-kai ne, ba albashi, ba babur, wani lokaci ko kuɗin kiran waya daga aljihunsu yake fita. Daga nan ne cutar ta shigo. Wanda ya shirya gasa shi zai ɗauko ɗan jarida a motarsa, shi zai ciyar da shi, shi zai sa masa ɗan abin goro a aljihu in an tashi. To in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Da wane bakin za ka tambaye shi dalilin da ya sa babu ko ma'aikacin jinya ɗaya a bakin fili, ko ina kyautar da aka yi wa yara alkawari a gaban jama'a ta maƙale? Shi ya sa nake cewa laifin bai tsaya kan mai riƙe mikro ba. Shugabannin gidajen rediyo da ke tura yaro aiki hannu wofi, sun san sarai wa zai biya shi, kuma sun san abin da za a saya da kuɗin. Amma talauci bai hana a faɗi wa ya kayar da wa ba. Wannan ba ya cin ko dala.

Masu cewa kirari al'adarmu ce, ina tare da ku. Fili ba makaɗa ba cali-cali ai makoki ne. Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ku dubi Senegal. Su ma suna da makaɗa, suna da malamai da layu har sun fi namu yawa a jiki. Duk da haka har jarida suka kafa ta kokowa zalla, Sunu Lamb, kuma kowane babban ɗan kokowa an san kaye nawa ya yi, sau nawa ya faɗi, a hannun wa. Da Balla Gaye 2 ya kayar da Yekini a Dakar a watan Afrilun 2012, kowa ya gane girman abin domin an rubuta shekarun da Yekini ya yi bayansa bai taɓa ƙasa ba. Makaɗi ya yi kiɗansa, mai alƙalami ya yi lissafinsa, babu wanda ya shiga gonar wani. Kuma lissafin nan shi ke sa ɗan kasuwa ya san darajar wanda zai zuba wa kuɗi.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kowane gidan rediyo a Tanut da Belbeji ya sayi rajista ɗaya da biro, a riƙa rubuta kowace kokowa da aka yi a yankin daga kaka zuwa bazara: rana, gari, sunaye, sakamako. A ware wa sanarwar kyaututtuka lokacinta tsakanin karawa da karawa, in an kama kokowa a bar mu mu ji kokowa. A zaunar da tsohon ɗan kokowa kusa da mai gabatarwa ya riƙa fassara kamu, a ba shi ɗan abin da zai sa a aljihu, ya fi cancanta da shi. A je zaɓen gunduma da na jiha, a karanto sakamako suna bayan suna. Wakilan FENILUTTES na jiha da na gunduma a gayyace su cikin shiri a buɗe wa jama'a layi, mai gaskiya ba ya gudun tambaya. Duk kuma wanda mai gasa ya ɗauki nauyin tafiyarsa, ya faɗa a iska, masu saurare su san da wane kunne za su ji shi.

Ku kuma masu saurare, da hannunku a ciki. In an buɗe layi, gaisuwa ce kawai: a gaida Alhaji, a gaida amarya, a sa mini waƙa. Ranar da mutum goma suka kira a jere suna tambayar wa zai wakilci Damargu bana kuma ta yaya aka zaɓe shi, wallahi washegari za a aika wani ya nemo amsa. Ƴan ci-rani da ke Libiya da Aljeriya da Kano, ku da kuka fi kowa ƙishin labarin gida, ku fara. Wanda kuma yake da sunan wani tsohon ɗan kokowa na ƙauyensu, mai rai ko marigayi, ya rubuta shi a ƙarƙashin wannan rubutu tare da sunan garin da zamanin da ya yi tashe. Da su za a buɗe shafin farko na rajistar.

Wanda maganar nan ta taɓa, ƙofa a buɗe take, ya zo mu yi ta a iska kowa ya ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa ƴan kokowarmu lafiya. Wassalam.