A Sauko da Darasin Bayoloji Daga Kan Allo

Manhajar NERDC ta sanya nazarin muhalli cikin darasin Bayoloji, WAEC da NECO kuma suna jarraba ɗalibai a aikace. Duk da haka, a makarantu da dama ɗalibi kan kammala sakandare da hadda zalla, bai taɓa riƙe kayan gwaji ba. Ƙasar da hamada ke cin arewacinta, zaizaya ke cin kudu maso gabashinta, ambaliya kuma ta mamaye Maiduguri a 2024, tana buƙatar matasan da suka san ƙasa da ruwa da tsirrai da idonsu. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fara da kwalejojinta: a ware kuɗin ɗakunan gwaje-gwaje, a sake su kan lokaci. Jami'in da takardar ke teburinsa, kada ya bari ta kwana.