Kafin A Gina Tankin Kifi, A Fara Da Akwatin Gilashi

'Yan'uwa da yawa za su yi mamaki su ga wannan takarda, wadda ta saba maganar taki da iri da rijiya, yau tana maganar ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi. Wani dattijo ya riga ya ce mana wannan wasan masu kuɗi ne na Unguwar Rimi, ba abin manomi ba. Mun ji, amma ba mu yarda ba.

A 'yan shekarun nan kiwon tarwaɗa ya shiga unguwannin Kaduna ta arewa, daga Kawo har Malali. Ƙungiyar matasa ko zumuntar mata takan tara kuɗi, a gina tanki a bayan majami'a, a sayo 'ya'yan kifi ɗari ɗari a zuba rana ɗaya. Mu kanmu mun taɓa yin haka. A mako na biyu ruwa ya fara wari, kifaye suka daina cin abinci, kafin wata ya cika mun kwashe fiye da rabi da kwando mun binne. Kuɗin kuwa baikon mutane ne, har da na gwauraye. Aka zargi mai sayar da 'ya'yan kifi, aka zargi abinci, har wani ya kawo zancen maƙiya. Gaskiyar ita ce, babu ko ɗaya a cikinmu da ya san halin ruwa.

Kifi yana numfashi, yana ci, yana kashi, duka a cikin ruwa guda. Kashinsa da ragowar abinci sukan zama wata guba da ake kira amoniya. A kogi ruwa yakan tafi da ita. A tanki ba ta da wurin zuwa, sai dai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su cinye ta, su juya ta zuwa abin da ganyaye ke sha kamar taki. Waɗannan ƙwayoyi suna zama a kan tsakuwa da bangon tanki, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Sabon tanki ba shi da su. Wanda ya cika shi da kifi ranar farko ya sa baƙi a gidan da ba a haƙa masa masai ba tukuna.

Wannan ilimi ba sabo ba ne a ƙasarmu. Tun 1951 aka kafa gonar kifi ta Panyam a Filato, ga kuma cibiyar binciken kifi a New Bussa kusa da Kainji. Amma jin labari daban, gani daban. A tankin siminti ba ka ganin kome sai kifi ya taso matacce. A gilashi kuwa kana ganin ruwa yana dusashewa, kana ganin kifi ya naɗe fiffike ya koma lungu, tun da sauran lokacin gyara.

Domin wannan muke cewa a fara da ƙaramin akwati, amma ba ƙarami ƙwarai ba. Waɗannan kwalabe masu zagaye da ake tallarsu da jan kifi a ciki, a bar su, gama ruwa kaɗan yakan lalace da sauri. A nemi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. Yana cin lita 54, watau jarka biyu da ɗan ƙari. Nauyinsa da ruwa ya fi buhun siminti, saboda haka tilas teburin ya zama mai ƙarfi. Kada a ajiye shi bakin taga, domin ranar Maris da Afrilu za ta dumama ruwan, ruwa mai zafi kuwa ba ya riƙe iska sosai.

A wanke tsakuwa da ruwa zalla, ban da sabulu. Idan ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana biyu a buɗe, gama ana sa masa maganin kulorin domin lafiyarmu, amma kifi ba ya jure shi. A dasa ganyen ruwa, a roƙi tafin tsakuwa daga wanda akwatinsa ya daɗe, a jira mako guda. Sa'an nan a sa kifi huɗu ko biyar kawai. Sauran sai bayan wata ɗaya ko fiye.

Wane kifi? Mu dai mun zaɓi gofi, ɗan ƙaramin nan mai wutsiya kala kala wanda asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. Yana da juriya, yana haihuwar 'ya'ya da rai, yana kuma cin tsutsar sauro. Ko da wutar lantarki ta ɗauke injin iska ya tsaya, 'yan kaɗan ɗin nan za su kai gobe. Tarwaɗa da karfasa za su fi ƙarfin akwatin cikin 'yan watanni. In gofi sun yi yawa a ba maƙwabta, kada a zuba su a kogin Kaduna, gama baƙo ne a ruwanmu.

Abinci shi ne babban tarko, musamman inda yara suke. A ba su abin da za su cinye cikin minti biyu. Kowace Asabar a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba wa alayyafo, a cika da wanda ya kwana.

Roƙonmu ga dattawan ikilisiya shi ne, kada su saki kuɗin gina tanki sai ƙungiyar ta riƙe irin wannan akwati wata uku, tare da littafin da ake rubuta ranar canza ruwa da kowane kifin da ya mutu. Zai fi kyau watannin su haɗa da Disamba da Janairu, domin masu kiwon su gani da idonsu yadda kifi ke rage ci da sanyin hunturu, su koyi rage masa abinci tun kafin a danƙa musu ɗari biyar.